Takalman da Aka Tsinta a Bakin Dutse

Fukaura, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Mitsue,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai taɓa miki gwiwa ba. Mu nan dusar ƙanƙara ta narke sai ta kan duwatsu, iskar teku ce dai har yanzu take shiga ƙashi. Ni lafiyata ƙalau. Likita ya auna ni a watan jiya, ya ce zuciyata ta ɗan shekara sittin ce, na ce masa ai na sani, ba sai ya faɗa ba. Ki gaida ɗanki Noboru da matarsa da jikoki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Rabonmu tun jana'izar matata Teruko, shekara biyu ke nan, kuma ko a ranar ba mu yi wata magana ba sai ta abinci da baƙi. Da waya zan kira, to kin ce kunnenki ba ya ɗaukar waya, ni kuma ba na son ihu. Kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma duk cikin waɗanda suka san ni tun ina dakon ƙanƙara a kafaɗa a bakin kwatar jiragen masunta, ke kaɗai kika rage a dangi.

Na canza mota a lokacin kaka, fara, ba ta da ƙara ko kaɗan. Kamfanin da ya ƙera ta yana da wani tsari. Akwai jan maɓalli a rufi, sama da madubi, in ka danna sai wata mata ta amsa daga can wani birni, ta kira sunanka, ta san inda kake ba sai ka faɗa ba. In mota ta tsaya, ko ka kulle makulli a ciki, sai su turo mutum. Da dillalin yake min bayani na ce masa shekara hamsin da tara ina tuƙi, manyan motocin ƙanƙara na ja har Hachinohe cikin dusar da ba ka ganin hancinka, ban taɓa neman kowa ba.

To, ranar Lahadin da ta wuce na je wanke kabarin Teruko. Na fito da bokiti da furanni, na tura ƙofa da gwiwa, sai na ji ƙit. Makulli yana kan kujera, waya tana gefensa, ni ina waje riƙe da bokiti. Ba laifina ba ne, batirin makullin ne ya yi sanyi, su da kansu suka faɗa. Na gangara gidan malamin haikali na ari waya, na kira lambar da ke manne a gilashi. Minti arba'in sai ga wani mai suna Ebina, ɗan kimanin shekara hamsin, da motar janwe. Ya cusa wata 'yar jakar roba a bakin ƙofa ya hura mata iska, ya zura ƙarfe, kafin in gama gaya masa yadda ake yi a zamaninmu har ya buɗe. Da ya leƙa ya ga farantin da nake ajiye takalma a ƙasan motar sai ya ce, "Baba, motarka ba a shiga da takalmi ke nan?" Na ce, "Kai gidanku da takalmi ake shiga?" Ya yi dariya ya cire nasa, ga shi ba ma shiga zai yi ba. Mutumin kirki ne. Ashe ubansa ya sha sayen ƙanƙara a wurina.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kamfanin suna ajiye sunan ɗan'uwan da za su nema in wani abu ya sami mai mota a hanya. Dillalin ya rubuta Hironobu ba tare da ya tambaye ni ba, wai don shi ne ɗana. Kin san Hironobu. Tun rasuwar uwarsa zancensa ɗaya ne: in mayar wa 'yan sanda lasin tuƙi, in rufe gida, in koma Nagoya, ya samo min ɗaki a gidan tsofaffi. Maganar makullin nan ta kai kunnensa tun kafin in isa gida. Ya kira ya ce, "Baba, saura sau ɗaya. In aka sake nemana, zan zo in karɓi makullin da kaina." Ni fa, da na gina masana'antar ƙanƙara da hannu biyu da takardar sakandare, na kai shi har jami'a. A unguwarmu sau biyu bas take wucewa a rana. Tsohon da ba shi da mota a nan an sa shi a akwatin gawa ne, murfin kawai ba a rufe ba.

Ina so in cire sunansa in sa naki. Ba wani aiki ba ne, ba za a taɓa nemanki ba.

Yayanki,
Nomiya Katsuji


Sendai, 20 ga Afrilu

Yaya Katsuji,

Takardarka ta iso. Sau biyu na karanta, na farko don in gane rubutun, na biyu don in yi dariya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, in za a yi ruwa ita take fara gaya min. Noboru an mayar da shi aiki Morioka, sun tafi da yaran, ni kaɗai ce a gidan da kyanwa. Ina ci ina sha, ba abin kuka.

Shekara biyu ko katin sabuwar shekara babu, sai da ka kulle kanka a waje ka tuna kana da dangi. Kuma batiri ne mai laifi. Tun muna yara haka kake, ranar da ka faɗa rijiyar gidan kaka ma cewa ka yi rijiyar ce ta matso.

Ka sa sunan. Ka ba su adireshin gida, don wayar sai in ina kusa da ita nake ganin fitilarta. Amma da sharaɗi. In aka neme ni, zan tambaye ka abin da ya faru, kuma gaskiya za ka gaya min, ba labarin batiri ba. Ba zan kai wa Hironobu kowace 'yar magana ba, amma ba zan ɓoye wa ɗa abin da ya kamata ya sani game da ubansa ba. Yaron ba maƙiyinka ba ne, Yaya. Tsoro yake ji, kuma a gidanku ba a koya wa kowa yadda ake faɗin haka ba.

Ka cika takarda biyu da zancen mota, ba ka gaya min abin da nake son ji ba. Da wa kake cin abinci?

Ƙanwarka,
Mitsue


Fukaura, 17 ga Mayu

Ƙanwata Mitsue,

Ina fatan kina lafiya, ke da kyanwarki. Gonakin tuffa sun yi fari fat da fure a kan hanyar Hirosaki, da kin gani. Ni garau nake.

An canza sunan, na gode. Sharaɗinki kuma na ji, ba dai za a kai ga haka ba.

Kin tambayi da wa nake cin abinci. Da rediyo. Ba ya katse ni, ba ya cewa gishiri ya yi min yawa.

Watan nan aikin gida na yi. Kayan sawar Teruko na kwashe na ba matar maƙwabcina Kon, ta san waɗanda za su yi wa amfani. Tsofaffin takardun masana'anta na ƙone su a bayan gida, kwana biyu ina yi. Na kuma zauna da malamin haikali mun shirya yadda za a riƙa kula da kabari ko bayan ba ni. Yanzu gida ya yi fili, komai yana wurinsa, duk wanda zai shigo bayana ba zai sha wahala ba. Ni ban taɓa barin wa wani aikina ba, ba kuma yanzu zan fara ba.

Shekaranjiya na danna jan maɓallin nan, don kawai in ga ko yana aiki. Nan take matar ta ce, "Malam Nomiya, barka da rana. Lafiya kake? Me ya sami motar?" Na ce gwaji nake. Ta ce babu komai, ta gode, in sauka lafiya. Tana da ladabi. Sai da na zo kwanciya na lura cewa duk ranar ita kaɗai ta kira sunana.

In iska ta kwanta zan hau bakin dutsen nan na arewa, inda ake hango tsibiri. Teruko tana son wurin, tun rasuwarta ban taka ba. Sau ɗaya nake so in je, shi ke nan.

Yayanki,
Katsuji


Sendai, 6 ga Yuni

Yaya,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, 'yan sanda sun gaya min.

Ranar Alhamis da misalin ƙarfe biyu ina tsakar gida ina shanya kaya, sai ga ɗan sandan unguwarmu a kan keke. Ya cire hula. Ya yi magana ban ji ba, sai ya ciro takarda ya rubuta min. Ga abin da ya rubuta, tana nan a hannuna: "An tsinci takalman Nomiya Katsuji a jere a bakin dutse. Ba ya gida, wayarsa tana kan tebur. Ana neman sa a ruwa. Dillalin motarsa ne ya ba da sunanki." Ya ce sunanka yana rubuce a cikin takalman. Na san rubutun, Teruko ce take sa maka don kada ka ɗauko na wani a gidan wankan jama'a.

Kai ba yaro ba ne. Ka san abin da takalma biyu a jere a bakin dutsen teku suke nufi. Wanda zai faɗa ne yake cirewa, ya daidaita su, kamar mai shiga gidan mutane.

Na ce wa ɗan sandan ni zan sanar da ɗanka, kada su kira shi. Na shiga ɗaki na ɗauko takardarka ta watan Mayu. Ka rabar da kayan matarka. Ka ƙone takardu. Ka shirya kabari ko bayan ba ka. Sau ɗaya kake so ka je, shi ke nan. Na karanta wannan duka a lokacin da ta zo, na ce a raina Yaya ya yi shara. Na zauna da lambar Hironobu a gabana awa biyu da rabi, ban kira ba. Ina ta cewa mutumin nan ya yi min sallama a rubuce, ni kuma na ajiye takardar a ƙarƙashin kwanon kyanwa.

Ƙarfe huɗu da rabi ɗan sandan ya dawo yana gumi yana dariya. Wai an gan ka a kan motar janwe, sanye da takalman ruwa na wani.

Ban kira Hironobu ba, har yanzu bai sani ba. Ga tambayata, ka tuna sharaɗinmu. Mantuwa ka yi, ko niyya ka yi ka fasa? In mantuwa ce, mutumin da zai bar takalmansa a titi ya ja mota bai kamata ya riƙe sitiyari ba. In niyya ce, bai kamata ka kwana kai kaɗai a gidan nan ba. Na san gaba kura ce baya sayaki, amma ba ni na kai ka wurin ba. Ka zaɓi gaskiyar ka gaya min.

Mitsue


Fukaura, 15 ga Yuni

Ƙanwata Mitsue,

Gaisuwa, da ban haƙuri kan tashin hankalin da aka jawo miki. Lafiyata lau, ko ƙwarzane babu.

Mutanen garin nan ba su da aikin yi. Wata mai gasa kifi a bakin dutsen ce ta ga takalma ta kwarma ihu, kafin 'yan sanda su gama rubuta sunana masunta sun saki jirage bakwai. Ko ɗaya cikinsu bai tsaya ya tambayi kansa ba: in ya faɗa ruwa, motar fa, tare suka faɗa? Ke ma kin ɗauki takardar shara kin mayar da ita wasiyya. Mutum ba zai gyara gidansa ba sai mutuwa zai yi?

Ga yadda aka yi. Da na baro dutsen sai na bi tsohuwar hanyar daji, wadda muke bi da manyan motoci kafin a yi ta bakin teku. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi taya ta baya ta taka wani ƙarfe ta fashe. Na buɗe ƙofa zan sauka, na duba faranti, ba takalma. Kin san da safa nake tuƙi, shi ya sa ban lura ba. Na taka tsakuwa da safa na buɗe but, sai na tarar motocin yanzu ba su da tayar canji, wata kwalbar gam ce da ɗan famfo. Ramin da yatsa uku za su shiga, wai gam. Da akwai taya da minti goma na gama, ba wanda zai ji labari.

Na danna maɓalli. Matar ta ce in zauna a ciki in rufe gilashi, don an ga beyar a dajin a makon. Ita ba ta san ana nemana ba, ba wanda ya yi tunanin tambayarta. Na ci curin shinkafata na jira. Awa ɗaya da kwata sai ga Ebina. Ya dubi tayar, ya dubi ƙafata, ya koma ya ɗauko takalman ruwansa ya ajiye a gabana. Irin wannan shi ne ma'aikaci. Da ina da masana'anta har yanzu da na sace shi daga kamfaninsu.

Ya ɗora motar, na hau gaba kusa da shi. Muna gangarowa kwata sai na ga taro, ga motar asibiti, ga jirage suna shigowa ba kifi. Na ce, "Ebina, tsaya, wani ya nutse." Na sauke gilashi na kira tsoho Denzo, wanda ya shekara talatin yana ɗibar ƙanƙarata. Na ce, "Kai Denzo, wa ya mutu?" Ya ɗago ya dube ni, sigari ya faɗo daga bakinsa. Ya ce, "Kai ne, ɗan banza! Tun ƙarfe sha biyu muke neman gawarka!"

Washegari na sa baƙar kwat na bi gidajen masu jiragen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, da kwalin alawa a hannu, na sunkuya na ba da haƙuri. Ni da ban taɓa sunkuya wa kowa a kwatar nan ba. Denzo ya karɓi alawar ya ce, "In za ka sake mutuwa ka zaɓi ranar da teku ba ta da kyau, ka sa mun rasa kamun yini guda." Matarsa kuwa ba ta yi dariya ba, ta riƙe min hannun riga ta ƙi saki.

Ke nan kin ji komai. An sa sabuwar taya. Maganar ta wuce, ba sai ta kai Nagoya ba.

Yayanki,
Katsuji


Sendai, 28 ga Yuli

Yaya Katsuji,

Ina fatan zafin nan bai hana ka barci ba. Ni ina fama, amma da sauƙi.

Na aiko maka da kati ranar ashirin da biyu ga Yuni, layi ɗaya ne a ciki, ba ka amsa ba. Mako biyar ke nan kullum ina leƙa akwatin wasiƙu. In fushi kake, ka yi, na saba. In kuma wani abu ne, ka san irin tunanin da shirunka yake sa ni yanzu.

Ka ba ni labarin taya da gam da beyar da Denzo, na yi dariya har kyanwa ta gudu. Amma labarinka daga "da na baro dutsen" ya fara. Ni abin da ya faru kafin ka baro shi na tambaya.

Hironobu ya rubuto min, ya ce zai zo gida ranar sha uku ga Agusta don bikin tarbar ruhin magabata, yana tambaya ko zan samu zuwa. Ya ce tun bayan maganar makullin nan Baba ya natsu, ba a sake neman sa ba. Na karanta wannan layin na ji kamar na yi sata. In ban ji daga gare ka ba kafin ranar goma, zan rubuta masa duk abin da na sani, har da takardar ɗan sanda. Ka tsane ni in ka so. Na riga na yi zaman makokinka na awa biyu da rabi, ba zan ƙara yin wani ba alhali ina da abin da zan iya yi.

Ƙanwarka,
Mitsue


Fukaura, 7 ga Agusta

Ƙanwata Mitsue,

Gaisuwa. Lafiyar jiki ƙalau. Ba fushi nake ba. Na fara takardar nan ya kai sau shida, ina yagewa.

Kin ba ni biyu in zaɓa. Ba ko ɗaya daga ciki ba ne, ko kuma in ce na farkon ne, mantuwa, amma ba yadda kike zato ba.

Na isa bakin dutsen da misalin ƙarfe goma. Na sa takalma na je jikin shinge na tsaya, kusan awa guda. Na leƙa ƙasa, kowa yana leƙawa, ban yi niyyar komai ba, wannan ki yarda da ni. Hira na yi da Teruko. Na gaya mata an rushe gidan wankan unguwarmu, na gaya mata matar Kon ta sa rigarta mai ruwan toka ta yi mata yawa. A gida ma nakan yi mata magana a gaban hotonta, amma can na san da hoto nake yi. A dutsen nan iska tana kaɗawa ta gefen hagu, inda take tsayawa, ban ji ni kaɗai ba ne.

Shekara arba'in da shida ga yadda muke shiga mota. Ni in zauna, in zare ƙafa daga takalma, in bar su a jere a ƙasa, in ja ƙofa. Ita ta sunkuya ta ɗauka, ta zagaya, ta ɗora su a faranti tare da nata. Ban taɓa ce mata ta yi ba, ban kuma taɓa ce mata sannu ba. Bayan rasuwarta na koyi ɗauka da kaina, shekara biyu ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ranar nan na zauna, na zare ƙafa, na ja ƙofa, na jira daidai lokacin da take ɗauka ta zagayo. Sannan na ta da mota. Sabo turken wawa, in ji mutane, da a nan ya tsaya da sai in yi dariya tare da Denzo. Amma Mitsue, sai da na yi tafiyar kusan kilomita goma ina ci gaba da hirar, ina jiran amsa, kafin na waiga na ga kujerar babu kowa.

Wannan ne abin da na kasa rubutawa. Duk makonnin nan ina tuƙi ina auna kaina. Hanyar kasuwa ta gaban makarantar firamare take bi. Mutumin da zai yi kilomita goma da fasinjar da ba ta nan, ni da kaina da ba zan ba shi makullin motar ƙanƙarata ba.

Ba sai kin rubuta wa Hironobu ba, na kira shi ranar Asabar na gaya masa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ina ganinta tana yi, daga kujerar baya. Na zaci kai kake sa ta." Mun yi ja-in-ja kan Nagoya. Na ce lasin zan bayar, gida ba zan bayar ba. An tsaya a kan sai an ga yadda na fita daga hunturu.

Ranar Litinin na sa kwat na je ofishin 'yan sanda na Ajigasawa. Wata 'yar sanda ta ba ni takarda na cike, ta karɓi lasin ta huda shi da wani ɗan ƙarfe, ta miƙo min da hannu biyu, ta ce sun gode da shekarun da na yi ina tuƙi lafiya. Na juya zan fita sai ta ce, "Baba, wa ya kawo ka?" Na ce, "Wa zai kawo ni? Ni na kawo kaina." Ta dubi na kusa da ita, shi ma ya dube ta. Ta ce, "Baba, daga yanzu ba ka da ikon motsa motar nan ko taku ɗaya."

Na fita na zauna a cikinta a harabar ofishin, rana tana dukan gilashi. Na daɗe. Daga baya na danna maɓalli. Matar ta ce, "Malam Nomiya, barka da rana. Me ya sami motar?" Na ce, "Motar lafiyarta ƙalau, direban ne ya ƙare." Na yi mata bayani. Ta ce irin wannan ba ya cikin abubuwan da suke turo mutum a kai, amma in ɗan jira. Na ji tana magana da wani. Ta dawo ta ce motar da ba za ta iya barin inda take ba, a ganinta, mota ce da ta tsaya a hanya.

Ebina ne ya zo. Ya fara duban ƙafata, ya ce, "To, yau dai da takalma. Me aka manta, Baba?" Na nuna masa lasin da hudarsa. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji, kamar a gaban gawa, sai da na ce masa ya daina shirme ya ɗora mota. A hanya ya bi ta bakin teku, a hankali, ya bar ni ina gaya masa inda ya kamata ya canza giya, yana cewa to. Ƙarshen wata dillali zai zo ya tafi da ita.

Ki zo bikin. Hironobu kwana biyu kawai zai yi, ke ki yi mako, ɗakin baƙi a share yake, ki taho da kyanwar in babu mai riƙe ta. Ba zan iya ɗauko ki a tashar jirgin ƙasa ba. Akwai bas da take tashi ƙarfe uku da minti goma, ki ce wa direban unguwar tsohuwar masana'antar ƙanƙara, zan jira ki a inda take tsayawa. Jiya na je gwaji, na tsaya a gefen da ba shi ba, bas ta wuce, ina ɗaga hannu direban yana ɗago min nasa, ya zaci gaisuwa nake. Yanzu na san gefen.

Yayanki,
Katsuji